Shagon da Ba Ya Karɓar Kuɗin Maza

Yau kam ku gyara zama, don ban zo da wasa ba. Ku masu rubuta min a ƙasa cewa "Auta, kin cika zafin kai, ki lallaɓa bawan Allahn nan, irinsa wuyar samu gare su," ina roƙonku ku karanta wannan har ƙarshe, sannan ku dawo ku sake faɗa min in bakinku zai iya. 

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, daga ni sai Mama a gidan tun rasuwar Baba da auren yayyena. Zannuwan gado da labule nake ɗinkawa ina sayarwa a intanet. Shagona ba shi da ƙofa balle kwaɗo. Ɗakina ne kawai, keken ɗinki a bakin taga, bandir-bandir na yadi a jingine bayan ƙofa, sai farin bango guda da nake hana kowa taɓawa saboda a jikinsa nake ɗaukar hoton kaya. Shekara uku ina wannan aikin, bayana ya sani, idanuna sun sani.

Yadda kasuwar da nake ciki take, ba a yarda kwastoma ya turo maka kuɗi ta bayan fage ba. Zai zaɓi kaya a shafinka, ya danna "biya", ya sa katinsa ko ya yi transfa ta cikin manhajar, kuɗin ya zauna a hannun kamfanin biyan kuɗi, da yamma su sauke maka a bankinka. Taurarin da kwastomomi ke ba ka, da yabonsu, da hotunan gadajensu da suke turowa, duk a jikin wannan asusun suke manne. In asusun ya tafi, shagon ya tafi ke nan.

Wanda ya buɗe min asusun kuwa shi ne Injiniya, mai nemana. Ba gini yake yi ba, kwamfutoci yake gyarawa a wani kamfani, amma tun ranar da Mama ta ji abokinsa ya kira shi Injiniya ta riƙe sunan gam, har ta manta na gaskiyar. Lokacin muna sabuwar haɗuwa, ina ta fama da fom ɗin rajista, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, gimbiya, kar ki wahalar da kanki." Na ba shi wayata da katin shaidata, na shiga kicin haɗo masa shayi. Kafin in fito ya gama. Ni kuwa sakarya har da washe baki, ina ce wa raina na yi dace.

To, ranar Talata da hantsi ina kan keke, fil biyu a bakina, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Ke ce mai zannuwan gado?" Muryar babban mutum ce, kuma a fusace.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"To ina so ki gaya min, kuɗina wari yake yi ne?"

Na cire fil ɗin daga bakina. "Ban gane ba, yallaɓai."

"Za ki gane. Ni manajan masaukin baƙi ne, ɗaki goma sha biyu muke gyarawa, zanin gado da labule duka a shafinki na zaɓa. Sau uku ina biya, sau uku kuɗin na dawo min kafin in ajiye wayar. Na ce ko katina ne, na sa matata ta gwada da nata, ta sayi rigar filo guda biyu. Nan take ya shige! In ba kya sayar wa maza ne ki rubuta a saman shafin, mu daina ɓata lokacinmu."

Ɗaki goma sha biyu, jama'a! Tunda na fara sana'ar nan ban taɓa ganin oda mai girman wannan ba, ko rabinta. Ina ba shi haƙuri ina buɗe manhajar. Na duba sama, na duba ƙasa, babu odarsa, babu alamar ya taɓa leƙowa. Sai rigar filon matarsa, wadda na riga na ɗinke na naɗe a leda tun jiya.

"Don Allah turo min hoton abin da ya fito maka."

Ya turo. Ɗan gajeren rubutu ne: "Mai shago ya mayar da kuɗinka." Ba banki ba, ba matsalar sabis ba. Mai shago. Ni ke nan, da ban san hawa ba ban san sauka ba.

"Zuwa Juma'a na ba ki," ya ce. "In ba ki gyara ba, masu ɗinki sun yi yawa a gari." Ya kashe.

Na zauna a bakin gado, abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Na sha yin dariya cewa kwastomomina mata ne zalla, ina cewa ai maza ba su san darajar gado mai kyau ba. Na tuna wani malamin makaranta da ya rubuto bara yana son yi wa matarsa bazata, amma biyan ya ƙi tsayawa. Na tuna wani da ya ba ni tauraro ɗaya ya rubuta "shagon 'yan rainin wayo", na yi kwana biyu ina jin haushinsa. Kuma duk lokacin da irin wannan ta taso, wa nake tura wa? Injiniya. Me yake ce min? "Bankinsu ne, rabu da su."

Na rubuta masa: "Wani manaja ya biya sau uku, kuɗin na komawa."

Amsa nan take: "Sabis ne, gimbiya. Kin karya kuwa?"

"An rubuta mai shago ne ya mayar."

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Minti huɗu cur, mutumin da ke amsa min kafin in sauke yatsa.

"Zan zo gaida Mama da la'asar, sai mu yi magana. Kar ki taɓa komai a manhajar."

Kar in taɓa komai. A shagona. Mtsww!

Na zura baƙar doguwar rigata a kan kayan aiki, zare duk a jikina, na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa, na fice. Mama tana shanya tana cewa, "Ina zuwa haka kamar an koro ki?" Na ce yadi zan sayo.

Ofishin kamfanin biyan kuɗin a hawa na biyu yake, saman wani kantin sayar da firji. Sanyin na'ura, kujerun roba a jere, da injin da ke tofo maka takardar layi. Da layi ya zo kaina na zauna gaban wata mata mai tabarau, da ganinta ta gaji da ganin irina. Ta karɓi katin shaidata, ta ƙwanƙwasa kwamfuta, ta dube ni ta saman gilashi.

"Ke ma'aikaciya ce a shagon?"

"Ma'aikaciya kamar yaya? Shagona ne."

"Da katinki aka buɗe, haka ne. Amma kujera biyu ce a asusun, ta mai iko da ta ma'aikaci. Ke a ta ma'aikaci aka ajiye ki. Cinikin da ya tsaya kawai kike gani. Wanda aka mayar, mai iko ne kaɗai ke ganinsa."

Ta juyo min da allon. Jeri ne dogo, tana ja yana ƙara fitowa, tun daga watan da na fara. Duk sunayen maza. Ko mace ɗaya babu a ciki, ko da kuskure. A gefen kowane an rubuta wanda ya danna mayarwar, kuma adireshin imel ɗin nan ko daga barci aka tashe ni zan gane shi.

Ban yi kuka ba.  Duk mutanen nan sun zo da kuɗinsu har ƙofata, an kore su da sunana, suna can suna ganina a matsayin mara mutunci.

"Ki cire shi," na ce. "Yanzun nan."

"Ba ni da wannan ikon, ƙanwata. Duk abin da ya shafi iko, har mayar da kuɗi, sai da lambar sirri. Lamba shida ce, tana zuwa wayar da aka yi rajista da ita."

"Wace waya?"

"A rufe take, ni ma ɗigo-ɗigo nake gani." Ta karɓi wayata, ta nuna min wani maɓalli can ƙasan manhajar da ban taɓa lura da shi ba, an rubuta "Karɓi iko". Ta ce, "In kin danna nan, lambar za ta tafi waccan wayar. Minti biyar gare ki ki shigar da ita. In kin shigar, shago ya dawo hannunki, shi ya fita. In lokacin ya wuce, na'ura za ta ɗauka ɓarawo ne, ta rufe asusun wata uku ana bincike. Ba saye, ba sayarwa."

"In na buɗe sabo fa?"

"Da wane katin? Naki yana kan wannan." Ta cire tabarau ta murza ido. "Shawara zan ba ki kamar yayarki. Kar ki danna sai wayar tana tafin hannunki."

Na ce to. Ku da kuka san ni kun san irin wannan "to" ɗin.

Ina saukowa daga bene saƙonsa ya shigo: "Ina kika je ba ki gaya min ba?" Na karanta, na jefa wayar a jaka. Wata uku ba ciniki, manaja ya tafi, matan da suka saba da ni su koma wani shafin. Amma ban ji tsoro ba a lokacin, fushi ya hana ni.

Na dawo na tarar da takalman Gwaggo a ƙofar falo. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ba ta taɓa shigowa gidan nan ba tare da zancen aurena a bakinta ba. An canza rigunan kujeru, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai baƙo na musamman, an jera lemo da biskit a tire.

"Ga 'yar kasuwa," in ji Gwaggo. "Ke yanzu a haka za ki fito gaban yaron nan, zare har a gira? Shekara uku yana sintiri, takalminsa ya kusa cinye ƙofar nan. Yau dai in ya zo a tsayar da magana, mu huta da tambayar mutane."

"Je ki sa rigar nan mai ruwan toka," Mama ta ce. "Yana son ta."

Ban canza ba. Na zauna a hannun kujera, waya a cinya. Dabarata mai sauƙi ce: in faɗi abin da ya yi a gaban Mama, in danna maɓallin, wayarsa ta yi ƙara kowa yana gani. Mutumin da ke durƙusawa har ƙasa in zai gaida Mama ba zai iya hana ni lamba shida a gabanta ba. Mama kuwa, duk son da take masa, ita ce ta sayar da 'yan kunnenta ta saya min keken nan. Na tabbata ba za ta goyi bayan zalunci ba.

Ƙarfe huɗu da rabi ya yi sallama. Farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, agogon azurfa, turarensa ya riga shi shigowa, leda biyu ta kayan marmari a hannu. Ya durƙusa. Mama ta ce, "Sannu ɗana, sannu, tashi, tashi." Gwaggo ta hau sa masa albarka ba ƙaƙƙautawa. Ya zauna, ya ajiye wayarsa a kan teburin tsakiya, fuskarta sama, sannan ya kalle ni da murmushin nan nasa.

"Gimbiya, an yini lafiya?"

"Ma'aikaciya dai," na ce. "Kira ni da matsayin da ka ba ni."

Murmushin ya daskare. Ban ba shi damar shirya ƙarya ba, na zazzage komai: manajan, ofishin, matar mai tabarau, jerin sunayen. Ina magana muryata na hawa, Gwaggo na cewa "Ke! Ke! A hankali," ko kallonta ban yi ba.

Na zata zai musa. Wallahi da ya musa, da na ce ko da sauran kunya a idonsa. Sai ya gyara zaman agogonsa ya ce, "To, na ji. Ni na yi. Laifi ne?"

"Tambayata ma kake yi?"

"Kin san yadda abin nan yake aiki kuwa? Duk wanda ya biya, lambar wayarki na zuwa masa a rasit. Yau zanin gado, gobe 'ya kika tashi'. Zanin gado fa, Auta! Wane namiji ne zai rasa inda zai sayi zanin gado sai wurin budurwa? Kare ki nake yi, ba ki sani ba."

"Manajan masauki ne! Daga muryarsa ma ka san jikoki gare shi!"

"Ai su ne ma suka fi."

"Wannan ai so ne," Gwaggo ta tsoma baki. "Kin samu mai kishinki kina zaune kina zare mana ido? Wasu nema suke ba su samu ba."

"Gwaggo, so ne ya sa aka kira ni 'yar rainin wayo a gaban duniya? So ne ya sa nake ɗinki har bayana ya ƙage, shi yana zaune a ofis cikin sanyi yana korar min mutane da ɗan yatsa?" Na juya kansa. "Kai ko allura ka taɓa zura wa zare a shagon nan?"

"Kuɗinki na taɓa ci?" Muryarsa ta fara kaushi, gimbiyar ta fita daga bakinsa. "Ko sau ɗaya wani abu ya taɓa yin ciwon kai a abin da ake sauke miki? Ki gode ma da na bar ki kina yi. Bari ki ji, tunda abin ya koma rashin kunya: iko yana nan inda yake. Bayan aure in na ga dama in ƙyale, in na ga dama in rufe."

Kun ji mutumin da kuke cewa in lallaɓa.

Na saci kallon Mama. Kanta a sunkuye, tana murza gefen mayafinta. Na ɗauka kunya ce ta kama ta, yau ta ga wanda take ɗagawa a ainihin kamarsa. Har tausayinta na ji.

Na ɗaga wayata na juya masa allon. "Ka ga wannan? In na danna, lamba za ta shigo wayarka. Minti biyar. In ba ka ba ni ba shagon ya rufu wata uku, kuma a gaban Mama ka rufe shi."

Ya miƙe zumbur. "Kar ki danna! Auta, ba ki gane ba..."

Na danna.

Agogo ya fito a allona, ja, yana sauka. Dukanmu muka zuba wa wayarsa ido a kan tebur. Sakan biyar. Sakan goma. Baƙa ƙirin, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Sai ƙarar saƙo ta fito daga gefena na dama, daga cikin jakar hannun Mama.

Na ce a raina ai dacewa ce kawai, wata ce ta turo mata gaisuwa. Mama ta zuge jakar a hankali, ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai, ta ciro tabarau na karatu ta saka, ba tare da ta tambayi kowa ko mene ne ba. Hannunta ya saba. Abin da ya fara karya ni ke nan, yadda hannunta ya saba.

"Mama?"

"Lambata ce a kai," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ni na ce ya sa tawa. In lambar sirri ta shigo ya kira ni, in karanta masa."

"Shekara uku, Mama?"

"Ni ce uwarki. So kike in zauna ina kallo ƙartin maza na tura miki kuɗi, sunansu na shiga wayarki safe da yamma? Ubanki ba ya raye. In magana ta tashi a kanki, wa za a zaga? Ni za a zaga. Na ce masa mata su saya, maza a mayar musu da abinsu. Ni ban ga abin da kika rasa ba, ci kike, sha kike."

Gwaggo ta ce "Ikon Allah," ta kama bakinta. Ita ma ba ta sani ba.

Saura minti uku. Na kalli matar nan da nake kai wa kowane sabon zani ta fara shafawa kafin in ɗauki hoto, wadda nake yi wa kukan kasuwa ta yi sanyi tana ce min in yi haƙuri, Allah zai kawo. Ashe tana ce min haka, da hannunta ake mayarwa. Na ji na tsani falon nan, da kofunan gilashin, da ledar kayan marmarin da ke ajiye a ƙafarta. Na ji haushin uwata, haushi mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye muku ba ko da za ku zage ni a ƙasa.

Saura minti biyu. Ni da ban taɓa roƙon kowa a kan haƙƙina ba, na sauko daga hannun kujera, na zube gwiwa biyu a gabanta, a kan idon mutumin nan.

"Mama, don girman Allah. Lamba shida ce. Karanta min kawai. Duk abin da na tara da guminna yana cikin nan. Ki yi min faɗa daga baya, ki mare ni in kina so, amma ki karanta min."

Ta kalli 'yar wayar. Leɓenta ya motsa, na ga tana karanta lambar farko a zuci, na ɗora yatsana a kan allona ina jira. Hawaye ya cika mata ido a bayan tabarau. Na ce a raina shi ke nan, ta sauko.

Saura sakan hamsin.

Sai ta ɗaga kai. Ba ni ta kalla ba. Ta tsallake ni ina durƙushe a gabanta, ta kalli Injiniya, ta ce da wata 'yar ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba:

"Ɗana, in ba ta?"